Sojan Zuru da Ya Kwanta a Bama: Matsalar Suna da Kabari

Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda ake tunawa da sojan ƙasar Zuru wanda ya rasu a ƙasashen waje lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan soja ya faɗa tsakanin hanyoyin tunawa guda biyu, ta Turawa da ta mutanensa, kuma babu wadda ta riƙe shi sosai.

Da farko ya kamata a san yadda aka yi aikin soja ya zama sana'ar mutanen Zuru. Lugga ne ya kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma a 1897, kuma bayan da Turawa suka ci Kwantagora a 1901 sai hankalinsu ya kai ga mutanen duwatsun Zuru, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa suna kiran kansu Lelna. Hafsoshin Ingila sun zo da wani ra'ayi daga Indiya, cewa akwai kabilun da aka halitta don yaƙi, suka sanya Dakarkari a cikin wannan sahu. Ra'ayin ba shi da tushe a ilimi, amma abin da suka gani da idonsu gaskiya ne. Saurayin da ya tashi cikin kokawa, sa'an nan ya shiga golmo, wato noman da yake yi wa surukinsa har shekara bakwai kafin a ba shi mata, ya riga ya san wahala da bin umarni da aikin gayya tun kafin ya ga bariki. Ga kuma haraji da ake biya da tsabar kuɗi, ga matsin da ake yi wa hakimai su kawo mutane idan yaƙi ya tashi. Sule ɗaya a rana da ake biyan farabiti ba ƙaramin kuɗi ba ne ga manomi a wancan zamani.

Sojojin Nijeriya sun fara shiga yaƙin ne a Gabashin Afirka, inda birged ta 23 ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, ta wuce zuwa Habasha. Amma babban aikin yana Bama. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81, mai alamar gizo-gizo, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, a wani daji mai duwatsu inda mota ba ta shiga, sai dai jirgin sama ya jefo abinci da harsashi da laima. Birged ɗinta ta 3, wadda ta ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya, an ware ta aka haɗa ta da dakarun Cindit na Janar Wingate, masu yaƙi a bayan layin Japanawa. Runduna ta 82 kuwa alamarta māsu biyu ne da gammo, kuma wannan gammo ba ado ba ne: dubban mutane a cikin rundunonin biyu aikinsu ɗaukar kaya a ka, su ne motocin wannan yaƙi. A watan Janairu 1945 rundunonin suka haɗu suka karɓe garin Myohaung a yankin Arakan. Ba harsashi kaɗai ke kisa a can ba, zazzaɓin cizon sauro da atuni da ruwan damina sun ci mutane da yawa.

To, idan soja ya faɗi a irin wannan daji, me ke faruwa da shi? Akan binne shi a inda ya faɗi, rundunar ta wuce. Bayan yaƙi hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Ingila, wadda aka kafa a 1917, ta tattaro gawarwakin da ta iya samu daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, ta kai su maƙabartar Taukkyan a arewacin birnin Rangun, inda akwai kaburbura fiye da 6,000. A tsakiyar maƙabartar aka gina ginshiƙai, aka buɗe su a 1958, aka rubuta sunayen kusan mutum 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. 'Yan Afirka ta Yamma suna cikin waɗannan sunaye. Ta wannan fuska an ɗan ci gaba, domin a 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Sai dai a nan ne matsalar take. Sunan da ke jikin dutsen shi ne sunan da magatakardan bariki ya rubuta ranar ɗaukar kurtu. Hausa ce harshen rundunar Nijeriya, kuma al'adar bariki ita ce a haɗa sunan yanka na Hausa da sunan gari ko na kabila. Saurayin da ya fito daga ƙauyen Dabai ko Fakai ko Wasagu, mai suna da harshen C'lela ko wani harshe na yankin, sau da yawa sai ya karɓi sunan Hausa, a ƙara masa Zuru ko Dakarkari a baya. Sunan ubansa bai shiga ba, sunan ƙauyensa bai shiga ba. Saboda haka wanda ya buɗe jerin sunayen hukumar a intanet yau zai ga suna da muƙami da lambar soja da ranar mutuwa, amma da wuya ya iya cewa wannan ɗan gidan wane ne. Mutanen gidan kuma suna tuna ɗansu da wani suna dabam wanda babu shi a takarda.

Nauyin wannan rashi ba zai fito ba sai an duba yadda Lelna suke girmama mamaci a gargajiyance. P. G. Harris ya yi rubutu a kan al'adunsu a 1938, kuma masana sun daɗe da sanin tukwane da siffofin yumɓu da mata magina suke yi don a ɗora a kan kabari. Ba kowa ake yi wa ba. Shahararren ɗan kokawa, da maharbi, da babban manomi, da shugaban jama'a, su ne ake bambanta kabarinsu, yadda mai wucewa zai gane cewa ba ƙaramin mutum ne ke kwance a wurin ba. Wato a wannan al'umma kabari shi ne littafin tarihi. Sojan da ya mutu a Kaladan ya yi irin mutuwar da ta cancanci wannan girma, amma babu gawa, babu kabari, babu inda za a ɗora tukunyar. A ganina wannan ne ya sa labarin waɗanda suka dawo da lambobin yabo ya rayu a bakin jama'a, na waɗanda ba su dawo ba kuwa ya yi ta dushewa.

Ƙasar Nijeriya ma hanyar da ta bi ba ta taimaka ba. Wurare ta tuna, ba mutane ba. Akwai barikin Cindit a Zariya, da na Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Letmauk a Ibadan, da na Arakan da na Myohaung a Legas. Har barikin Dodan, inda shugabannin soja suka yi mulki, sunan wani wuri ne a Bama, ko da yake Bahaushe da yawa yakan zaci daga dodo aka samo shi. Sa'an nan aka ɗauke ranar tunawa da mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Akwai hujja a cikin yin haka, amma ya ƙara tura mutanen Bama baya. Ita kanta Zuru idan ana maganar sojojinta, janar-janar ake lissafawa: Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan Bauci daga baya ya zama Sarkin Zuru, da Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Tanko Ayuba. Alhali farabiti da kofur da saje na 1943 su ne suka share musu hanya.

Abin da zai iya haɗa sunan dutse da sunan gida shi ne lambar soja, domin ita ba ta canjawa. Tana jikin takardar sallama, tana cikin wasiƙar da aka aiko ta hannun Di'o don sanar da mutuwa, tana cikin rajistar biyan haƙƙin mamaci. Ya kamata malaman tarihi na kwalejojinmu su tura ɗalibai gundumomin Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, gida gida, su rubuta sunan gida na duk wanda ya tafi bai dawo ba, da sunan da ya karɓa a bariki, da abokan tafiyarsa, su ɗauki hoton duk wata takarda da ke cikin akwati, sa'an nan a gwada da fayilolin lardi da ke gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika shekara 100 a 2025, don haka yanzu 'ya'ya da ƙanne da jikoki za a tambaya, da tsofaffin matan da aka fara yi wa golmo ba a ƙarasa ba.