Harbin agwagwa: yadda sana'ar gem ta faro a Gusau

Kafin gidajen gem su koma na ƙwallo zalla, harbi ne ya fara tara yara a ƙofar shagunanmu. Mu masu gyaran rediyo da talabijin ne muka fara riƙe wannan sana'a, domin mu ke da talabijin a ajiye, mu ne kuma muka san tashar da za a murɗo har hoto ya fito. Abin ya kankama ne bayan 1996, da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, ma'aikata suka cika Gusau da iyalansu. Daga Sabon Garin Kano ake sarin kayan, su kuma can daga kasuwar Alaba ta Legas.

Asalin na'urar ta kamfanin Nintendo ce na Japan, wadda ya fitar a 1983 da sunan Family Computer, wato Famicom. Sai dai mu ba ita muka samu ba. Kwaikwayonta ne daga Taiwan da Sin ya iso mana, da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta masa cewa wasanni dubbai ne a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Wadda iyaye suka fi so ita ce mai allon madannai, irin wadda kamfanin Subor ya shahara da ita a Sin. Tana koyar da buga rubutu, tana da harshen BASIC, don haka uba kan saye ta da niyyar karatu. Ban yarda da masu raina ta ba. Ƙwaƙwalwarta daga dangin 6502 take, irin ta kwamfutar Apple II, kuma yara da dama a nan a kanta suka fara ganin sunansu ya fito a gilashi.

A cikin kwalin na'urar akwai bindigar roba mai doguwar waya, kuma saboda ita ake cika shago. Wasan Duck Hunt ya fito a Japan a 1984, mu kuwa harbin agwagwa muke ce masa. Kare ya shiga ciyawa ya koro agwagi, kana da harsashi 3, a zagayen farko sai ka kada 6 cikin 10 kafin ka wuce gaba. In ka kuskure, karen ya ɗago kai ya ƙyalƙyale da dariya, yaran da ke bayanka su taya shi. Ba kowa ya san cewa a zaɓi na farko mai riƙe da hannun gem na iya juya agwagwar ba. Wanda ya gano haka ya samu hanyar wahalar da abokinsa.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne yadda talabijin ke sanin inda ka auna. Har dattawa kan tsaya su tambaya ko hasken bindigar ba zai lalata gilashi ba. Bindigar ba ta fitar da komai, karɓa take yi. A can cikin bututunta akwai ɗan ido mai jin haske. Da ka ja kunama, sai gilashin ya yi baƙi ƙirin na kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, sannan a zana farin akwati daidai inda agwagwar take. Idan idon ya ga duhu, ya kuma ga fari bayansa, ka samu. Duhun farkon nan shi ke kama mai wayon da ya auna ƙwan lantarki. Ranar da na fahimci wannan na gane yadda talabijin ke zana hoto layi bayan layi fiye da duk abin da na koya a shekarun da nake yaron shago.

Daga Tsafe da Bungudu, har da Kwatarkwashi, ake kawo mana gyara a cikin buhu. Yaro ya durƙusa ya ce, "Maigida, bindigar ga ta bar ci." Yawanci waya ce ta tsinke a gindin mariƙi, sai ɗan ɗigon dalma. Adafta kuwa wutar NEPA da ƙananan janareta suka fi kashe ta. In ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, sai haƙuri, domin baƙin danƙo aka zuba a kanta, ba ta ciruwa.

PlayStation ce ta sauya kasuwar. Da wasan ƙwallo na Winning Eleven ya shigo, samari suka ga ga abin da za su yi musu a kai har dare, sana'ar ta bar hannun masu gyara ta koma ta masu ɗakunan haya da benci. Contra da wasan tankoki sun ɗan jure, har yau ana samun su a wayoyi. Harbin agwagwa da bindiga kuwa ya kasa ƙaura. Talabijin ɗin zamani, da muke kira filasma, sai ya sarrafa hoto kafin ya nuna shi, kuma ɗan jinkirin nan ya isa ya sa farin akwatin ya zo bayan idon ya gama dubawa. Ko ka manna bakin bindigar a gilashi, karen zai yi maka dariya.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar dogon bayani ga mutumin Tsafe ko Bungudu. Bayan abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu, ba kowane uba ne zai so ya ga ɗansa da bindiga ba, ko da ta roba ce, kuma na fahimce su ƙwarai.

Wanda ke son ya nuna wa 'ya'yansa wasan, na'urar ba ta da wuyar samu. Talabijin mai ƙeya ce ke ƙarewa, saboda 'yan gwangwan na farfasa ta su cire jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan gilashin. Duk wadda aka kawo mini da gilashinta lafiya nakan saye ta fiye da kuɗin da za su biya, in sauya mata kafasitocin da suka kumbura, in gwada ta da bindiga kafin in ɗora ta a kanta.