Zomon Katun da Dillalan Filaye na Los Angeles

A shekarar 1988 darakta Robert Zemeckis ya fitar da Who Framed Roger Rabbit, fim ɗin barkwanci da ya haɗa 'yan wasa na gaske da zanen katun. Ya aro salon tsoffin finafinan binciken laifi na shekarun 1940, waɗanda Faransawa suka laƙaba wa suna "film noir": duhun lungu, mai bincike mashayin giya, da kisan kai da ke lulluɓe wata babbar cuta.

Labarin na faruwa ne a Los Angeles a 1947. An kashe Marvin Acme, mai filin unguwar Toontown, aka ɗora wa zomo laifin. Mai bincike Eddie Valiant ya gano cewa Alƙali Doom ne ya kitsa komai. Kamfaninsa ya sayi jiragen ƙasa na lantarki na birnin domin ya kashe su, sannan ya share unguwar, ya shimfiɗa babbar hanyar mota a gurbinta.

Wannan zolaya tana da tushe. A 1901 attajiri Henry Huntington ya kafa kamfanin Pacific Electric mai jajayen taragu. Yakan sayi fili da araha a bayan gari, ya kai layin dogo wurin, ya yanka fulotai ya sayar da tsada. Ribar tana cikin ƙasar, jirgin kuwa koto ne na kama mai saye. Da filayen suka cika da gidaje, motoci suka yawaita, sai layukan suka koma jawo asara.

A 1949 wata kotun tarayya ta Amurka ta samu General Motors, Firestone da Standard Oil ta Kalifoniya da laifin haɗa baki don mallake cinikin bas-bas da kayayyakinsu ga kamfanin National City Lines. Tarar General Motors dala 5,000 ce kacal. Sai dai abin da National City Lines ya saya a Los Angeles shi ne layin taragu masu ruwan ɗorawa. Jajayen sun mutu ne a hankali, na ƙarshensu ya daina aiki a 1961.

Fim ɗin ya tattara laifin a kan mugu ɗaya, ya kuma ceci Toontown. A zahiri, manyan hanyoyin sun ratsa unguwanni irin su Boyle Heights, suka tashi dubban mazauna daga gidajensu, bisa doka da sa hannun hukuma.