Mutumin da ƙasarsa ta rushe yana sama

Wannan makon zan ɗan jingine labarin soyayyar da muke bi, in kawo muku wani tarihi, wanda da a littafi na karanta shi da sai in ce marubucin ya cika gishiri. Mutum ne ya bar gida da fasfon ƙasarsa, kafin ya dawo babu ƙasar, garin da aka haife shi ma an sake masa suna. Sunansa Sergei Krikalev, injiniya, haifaffen birnin Leningrad a 1958.

Ranar 18 ga Mayu, 1991 kumbon Soyuz TM-12 ya tashi daga Baikonur, cikin hamadar Kazakistan, ɗauke da mutum uku: kwamanda Anatoly Artsebarsky, da Krikalev, da wata baturiyar Ingila, Helen Sharman, wadda ita ce ta farko daga ƙasarta da ta je sararin samaniya. Tashar Mir suka nufa, wadda Tarayyar Sobiyet ta fara harba ta a watan Fabrairun 1986. Mir gida ce ta ƙarfe mai ɗakuna, tana shawagi kusan kilomita 400 daga ƙasa, tana kewaye duniya cikin kamar minti 90. Wato wanda ke ciki yakan ga fitowar rana wajen sau 16 a yini guda. Sharman ba ta daɗe ba, ranar 26 ga Mayu ta sauko tare da waɗanda suka gama zamansu, cikinsu har da wani mai suna irin namu, Musa Manarov.

Yadda aka tsara, Krikalev zai yi wata biyar ne ya dawo a Oktoba. To amma a ƙasa al'amura sun fara dagulewa. Baitulmalin Sobiyet ya bushe, jamhuriyoyinta kowace na neman ɓallewa. Kuma ga inda gizo ke saƙar: filin Baikonur, ƙofa ɗaya tilo da Sobiyet ke harba mutane ta cikinta, a Kazakistan yake. Don a faranta wa Kazakawa rai sai aka ba ɗansu, matuƙin jirgi Toktar Aubakirov, kujera. Ostiriya kuma ta biya kuɗi an ba nata mutumin, Franz Viehböck, wata kujerar. Ga shi an haɗe tafiya biyu ta koma ɗaya saboda rashin kuɗi, kumbon Soyuz kuwa mutum uku yake ɗauka. Idan ka cire kwamanda, ka cire baƙi biyu, ina kujerar injiniyan da zai canji Krikalev? Babu. Su baƙin kuma ba a horar da su don dogon zama ba. Tun a watan Yuli aka nemi ya ƙara zama, ya amsa.

A nan nake son in tsaya, don na sha ganin ana rubuta cewa wai mantawa aka yi da shi a sama. Ba haka ba ne. Kullum akwai kumbon Soyuz maƙale a jikin tashar, da ransa na cikin haɗari da sun shiga sun sauko. Jiragen kaya marasa matuƙi, masu suna Progress, ba su daina kai musu abinci da ruwa ba, kuma ba shi kaɗai ba ne a ciki. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ya san abin da ƙarin zaman zai yi wa jikinsa. Wannan ne zuwansa na biyu, ya riga ya yi kwana 151 a Mir tsakanin 1988 da 1989. Inda babu nauyi ƙashi yakan zube a hankali, tsoka ta saki, dole mutum ya yi kusan awa biyu kullum yana motsa jiki a kan na'ura. Ga matarsa da ƙaramar 'yarsa a Mosko, ga kuɗin Sobiyet na zama takarda. Da ya ce a'a, da an rasa mai kula da injinan tashar a daidai lokacin da babu tabbas za a samu kuɗin sake aiko wani.

Ranar 19 ga Agusta masu tsattsauran ra'ayi suka yi yunƙurin kifar da Mikhail Gorbachev, tankokin yaƙi suka shigo Mosko, cikin kwana uku juyin mulkin ya wargaje. Su na sama sai tsintar labari suke ta rediyo, har da ta bakin masu rediyon sha'awa na ƙasashen waje da suke hira da su idan tashar ta gifta ta kansu. A Satumba Leningrad ta koma tsohon sunanta, St. Petersburg. Ranar 2 ga Oktoba Soyuz TM-13 ya tashi da Alexander Volkov da baƙin nan biyu. Ranar 10 ga wata Artsebarsky ya sauko da baƙin, aka bar Volkov da Krikalev. Kazakistan ta ayyana 'yancinta ranar 16 ga Disamba, Gorbachev ya yi murabus ranar 25, washegari Tarayyar Sobiyet ta zama tarihi. Shi ma Volkov abin ya shafe shi, don a Yukiren aka haife shi, wadda ita ma ta zama ƙasa mai zaman kanta.

Sai ranar 17 ga Maris, 1992 Soyuz TM-14 ya tashi da masu canji, Alexander Viktorenko da Alexander Kaleri, tare da Bajamushe Klaus-Dietrich Flade, wanda shi ma ƙasarsa ce ta biya masa kujera. Ranar 25 ga Maris lema ta sauke Krikalev da Volkov da Flade kusa da garin Arkalyk. Kwana 311 ke nan, ninkin abin da aka tsara masa. Ciccibo shi aka yi daga cikin kumbon, don ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, tutar Sobiyet na nan ɗinke a kafaɗarsa, ƙasar da ya taka kuma ta zama ƙasar waje.

Mai karatu zai zaci daga nan ya haƙura da sama. Ina! A Fabrairun 1994 ya zama Barashe na farko da ya hau kumbon Amurka, Discovery. A Disamban 1998 shi da Ba'amurke Robert Cabana suka fara sa ƙafa cikin sabuwar Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, a Nuwamban 2000 kuma yana cikin mutum ukun da suka fara tarewa a cikinta. Tafiya shida ya yi, jimillar kwana 803. Ita kuwa Mir, ranar 23 ga Maris, 2001 aka karkato ta, ta ƙone a iska, ɓaraguzanta suka faɗa kudancin tekun Fasifik. Filin Baikonur kuma, tun yarjejeniyar 1994, haya Rasha ta koma biya wa Kazakistan, dala miliyan 115 a shekara.