Tsiron fatar ido da ba na cutar daji ba: yadda ake gano shi da magance shi

Mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a fatar ido ba cutar daji ba ne, amma wasu nau'o'in ba kasafai ake ganinsu ba, har akan ɗauke su a matsayin hazbiya.

Daga cikinsu akwai filomatirikisoma, wanda ke tasowa daga tushen gashi. Ya fi kama yara, a gira ko fatar ido ta sama, kuma yakan yi tauri kamar tsakuwa saboda sinadarin kalsiyam da ke taruwa a cikinsa. Siringoma kuwa daga hanyoyin gumi yake fitowa, ƙanana-ƙanana a ƙasan ido, an fi ganinsa ga mata.

Likitan ido yakan fara da tambayar tsawon lokacin da tsiron ya ɗauka da saurin girmansa, sannan ya duba shi da na'urar haska ido. Zubewar gashin ido a wurin, gyambon da ya ƙi warkewa, zubar jini ko lalacewar bakin fatar ido alamu ne da ke sa a yi zargin cutar daji. Tabbaci dai ba ya samuwa sai an yanki naman an duba shi a ɗakin gwaje-gwaje. Haka ake yi wa kumburin da ke dawowa wuri guda bayan an yi masa aiki, domin akwai cutar dajin da ke shigar burtu da kamannin kumburi na yau da kullum.

Galibi ƙaramar tiyata ta wadatar. Inda lamarin ya bambanta shi ne hemanjiyoma, tarin ƙananan jijiyoyin jini da ke bayyana makonni kaɗan bayan haihuwa. Yakan girma cikin shekarar farko, daga bisani ya motse da kansa, sai dai jira na da haɗari idan ya rufe idon ko ya danne ƙwayarsa, domin jaririn na iya tashi da raunin gani na dindindin. Tun daga 2008, lokacin da likitoci a birnin Bordeaux na Faransa suka lura cewa maganin zuciya na propranolol yana motsar da shi, ya zama abin da ake fara bayarwa, bisa kulawar likitan yara.

A Najeriya ana duba irin waɗannan matsaloli a asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Matse tsiron ko tsaga shi a gida na jawo ƙwayoyin cuta da tabon da ke hana ido rufewa.