Ficewar Ƙasashen Sahel daga ECOWAS: Nazari kan Kuɗin Fito da Ayyukan Harhaɗa Motoci

A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, shekara guda bayan sun bayyana aniyarsu. Kafin mu auna abin da wannan zai haifar wa sana'ar mota, ya kamata mu fayyace kalmomi uku. Haɗakar kasuwanci yarjejeniya ce da ƙasashe kan ƙulla su sassauta wa juna haraji, su kuma daidaita abin da suke karɓa daga baƙi. Kuɗin fito shi ne harajin da kwastan ke ɗora wa kaya idan za su tsallaka iyaka. Ƙa'idar asali kuwa ita ce sharaɗin da ke tantance ko kaya na cikin haɗakar ne da gaske, ko shigo da su aka yi aka sauya musu suna. A ECOWAS sassaucin cikin gida ya fara da amfanin gona da sana'o'in hannu a 1979, ya haɗa da kayan masana'antu a 1990, sannan kuɗin fito na bai-ɗaya ya fara aiki a 2015 da matakai biyar, daga sifili zuwa kashi 35 cikin ɗari.

Ayyukan da mota ke samarwa kashi uku ne. Akwai ƙira, wato yin inji da gilashi da taya da sauran sassa tun daga tushe. Akwai harhaɗawa, wato a shigo da sassa a ɗaure su nan gida, kamar yadda kamfanin Peugeot ya fara a Kaduna a 1975, da Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motoci ta Kano. Sai hidima, wato gyara da sayar da kayan gyara. Wanda ya taso daga Naraguta ya bi ta garejojin Farin Gada ya ƙarasa kasuwar Dilimi zai gane cewa a Jos kashi na uku ne ke ciyar da jama'a: kanikawa, masu walda, masu fenti, masu gyaran waya, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu. Kashi na farko bai taɓa kafuwa sosai a Nijeriya ba, na biyu kuma ya durƙushe bayan karyewar darajar naira daga 1986, lokacin da sassan da ake sayowa daga waje suka yi tsada.

Ta fuskar fitar da motoci, illar ficewar a yau ƙarama ce, domin abin da muke harhaɗawa bai kai ya wadatar da mu ba, balle a kai Maraɗi ko Yamai. ECOWAS ma ta ce a ci gaba da sassauta wa kayan ƙasashen uku har sai an cimma sabuwar matsaya. Su kuma, a ƙarƙashin ƙawancensu na AES, sun sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje a watan Maris 2025. Adadin bai taka kara ya karya ba, amma ya nuna cewa kowane ɓangare ya fara yanke hukuncinsa shi kaɗai. Masana'antar mota kuwa ba ta tsayawa da ƙafarta sai da kasuwa mai faɗi, tun da kuɗin kafa ta ba ya fita sai an sayar da dubban motoci iri ɗaya, kuma ƙasashen Sahel su ne kasuwar waje mafi kusa da Kaduna da Kano.

Abin da ya faru a Birtaniya yana haskaka batun ƙa'idar asali. Da ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, yarjejeniyar da ta biyo baya ta yafe kuɗin fito, amma ga motar da ta cika sharaɗin asali kaɗai. Wadda ta gaza sai ta biya kashi 10. Wannan ya sa a ƙarshen 2023 aka ɗage tsaurara sharaɗin kan motoci masu lantarki zuwa ƙarshen 2026, saboda yawancin baturansu daga Asiya suke. Motar da aka ɗaure a Kaduna da sassan waje kusan duka za ta gamu da irin wannan tambaya, ko da haɗaka ko babu.

Inda muke ganin haɗarin ya fi girma shi ne bambancin kuɗin fito tsakanin maƙwabta. Manufar motoci ta Nijeriya ta 2013 ta ɗora wa motar da aka gama haɗawa a waje kashi 35 na fito da ƙarin kashi 35, domin a kare masu harhaɗawa. Sai motocin Beljiyam suka ƙara karkata zuwa tashar Kwatano, a rubuta cewa Nijar za su, daga can su sulalo ta hanyar fasa-ƙwauri. Haramta shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017 da rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba su kashe wannan hanya ba, har dokar kuɗi ta 2020 ta sauko da ƙarin zuwa kashi 5. Duk wannan ya faru ne alhali muna zaune a inuwa ɗaya. Yanzu da Nijar ba ta ƙarƙashin ECOWAS, abin da ke riƙe da kuɗin fitonta shi ne zamanta cikin UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa, wadda Nijeriya ba ta da kujera a cikinta. Idan giɓin ya ƙaru a kan iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500, mai harhaɗawa ne zai rasa masu saye, bakanike a Farin Gada kuma aikinsa ya yawaita, domin tsohuwar mota ba ta rabuwa da gareji. Wannan aiki halal ne kuma abin girmamawa, sai dai ba ya haifar da masana'anta.

Saboda haka muna kira ga masu tattaunawa a Abuja da Yamai da su sa batun daidaita kuɗin fiton mota da musayar bayanan kwastan a gaba, ga malaman tattalin arziki na Jami'ar Jos da ke Naraguta kuma da su ƙidaya mana mutanen da ke cin abinci da mota a wannan gari, kashi-kashi, domin a san waɗanda kowane sauyin haraji zai taɓa.