Ruwan Gishiri Tsakanin Ƙarfe Biyu

Ya kai mai karatu, batirin da kake saye a kasuwar Ƙonni ko ta Illela don rediyo da cocila, asalinsa ruwan gishiri ne tsakanin ƙarfe biyu.

A shekara ta 1800 wani malami ɗan Italiya mai suna Volta ya yanko faifai na jan ƙarfe da na tutiya. Ya jiƙa ƙyalle da ruwan gishiri, ya sa tsakaninsu, ya yi ta ɗora wani bisa wani. Da ya haɗa sama da ƙasa da waya, sai ga lantarki yana gudu. Harafin V da ke jikin batir, farkon sunansa ne.

Amma fa Volta bai gane sirrin abin da ya ƙera ba. Shi a ganinsa ƙarfe ke yin dukan aikin, ruwa hanya ce kurum. Sai a 1887 wani ɗan Suwidin, Arrhenius, ya bayyana cewa gishiri in ya narke yakan rabu gida biyu, ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki iri biyu. Kowane iri ya nufi ƙarfen da ke jan sa, su jeru a jikinsa kamar sahun salla, sahun da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. A nan ne tutiya ke cinyewa sannu sannu, tana sakin lantarki cikin waya. In ta cinye, batir ya mutu.

Na mota dabam ne. A 1859 Planté, ɗan Faransa, ya tsoma dalma cikin ruwan asid, ya samu batir mai karɓar caji. Irinsa ne ke ajiye wutar allon hasken rana a ƙauyukan Malbaza. Kada ka ƙara masa ruwan rijiya, don gishirin da ke ciki yana ɓata dalmar. Ka nemi tataccen ruwan batir.

In ya mutu kuma, kada a fasa shi a tsakar gida. A Caroye, kusa da Dakar, mutane sun riƙa fasa tsofaffin batura suna sayar da dalmar. Ƙurarta ta cika unguwa, tsakanin 2007 da 2008 ta kashe yara 18.