Wankiya: yadda labarin fim ɗin Indiya ke zama na Hausa

A masana'antar Kannywood, wankiya na nufin ɗauko labarin wani fim, galibi na Indiya, a sake shirya shi da 'yan wasa, harshe da tufafin Hausawa. Kalmar ba ta yabo ba ce, domin masu suka ne suka fi amfani da ita.

Tushen abin ya girmi Kannywood. 'Yan kasuwa Labanawa masu gidajen silima ne suka fara kawo finafinan Indiya biranen Arewa, kuma irin su Mother India na 1957 sun daɗe ana kallonsu. Don haka lokacin da aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, masu kallo sun riga sun saba da soyayya mai waƙa da rawa.

Daga cikin misalan farko akwai Soyayya Ƙunar Zuci, wanda USA Galadima ya shirya a Jos a 1995, bisa labarin Mujhe Insaaf Chahiye na 1983. Labari ne na budurwar da ɗan wani babban lauya ya yaudara, ya yi mata ciki, ya juya mata baya, ita kuma ta maka shi a kotu. Abin lura shi ne, shi ma wannan fim na harshen Hindi ba shi ne na asali ba. An wanko shi ne daga Nyayam Kavali, na harshen Telugu, wanda ya fito a 1981, sannan aka sake yin sa da harshen Tamil a 1984 da suna Vidhi. Ke nan kafin labarin ya iso Jos ya riga ya sauya harshe fiye da sau ɗaya. A Indiya wannan tsohuwar al'ada ce: ko a 2016 darakta ɗaya, Ashwiny Iyer Tiwari, ta mayar da fim ɗinta na Hindi, Nil Battey Sannata, zuwa Tamil da suna Amma Kanakku. Bambancin shi ne a can an saba sayen haƙƙin labari kafin a taɓa shi, abin da ba a cika yi a nan ba.

Daga baya an samu So, wanda aka gina kan Mohabbatein, da Khusufi na Ali Nuhu daga Taal. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi nazari mai zurfi kan wannan salo.

Labarin iyali ya fi sauƙin wankewa, domin auren dole, ikon iyaye da tazarar mai kuɗi da talaka duk sanannu ne a gidan Bahaushe. Aikin yana wajen abin da za a cire. Wurin bautar Hindu ba ya shiga, rungume-rungume ma haka, musamman bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Inda aka yi wannan gyara da basira, mai kallo ba ya jin baƙunta. Inda aka yi ganganci, sai a ga Bahaushiya na abin da ba a san ta da shi ba.

Yanzu kasuwar wankiya ta ja baya. Kamfanoni irin su Algaita suna ɗora muryar Hausa kai tsaye kan finafinan Indiya, da yawansu na Telugu da Tamil. Mai waya a Kano, ko a Diggi ta ƙaramar hukumar Kalgo, zai iya kallon na asalin da harshensa.